Ranar da Genaro Bai Yi Cara Ba

Ƙanena Genaro ya fara magana tun yana da wata goma, kuma Mama takan ce daga ranar ba ta sake samun shiru a gidanta ba. Mu biyu ta haifa. Ni ce babba, Dilenia, na ba shi shekara biyar. Babanmu mai yankan rake ne, ya rasu Genaro yana rarrafe, don haka da kaskon Mama muka girma. Rogo da kifi take soyawa a ƙofar filin wasa na San Pedro duk ranar da ake besbol, wasan da ake maka ƙwallo da sanda, daga la'asar har a watse. Shekara ashirin ta yi a wannan ƙofar ba ta taɓa shiga ta zauna ba. Da kunne take kallon wasa, da wata 'yar rediyo da take ratayewa kusa da murhu.

Kowane yaro a unguwarmu yana buga wasan, da sandar tsintsiya da murfin kwalba. Abin da ya bambanta Genaro shi ne sai ya faɗa maka inda zai aika murfin kafin ya maka shi. "Kan rufin Don Plinio," zai ce, sai ka ji ƙwal a kan kwano, Don Plinio ya fito daga kantinsa yana zagi. Yana da shekara goma sha shida wani Ba'amurke mai neman 'yan wasa ya zo ya gwada yara arba'in. Da aka zo kan Genaro mutumin yana rubutu a littafinsa, sai ya leƙa ya ce masa, "Ka rubuta sunan da kyau, Genaro Cuello. Jikokinka za su tambaye ka."

Tsaron bayan fili aka ba shi, can kusa da katanga, inda aikin mutum shi ne ya bi ƙwallon da aka maka sama, ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. Duk lokacin da ya cafe mai wuya sai ya tsaya, ya bubbuga cinyoyinsa, ya miƙa wuya ya yi cara. Daga nan sunan Zakara ya bi shi har Amurka.

Shekara biyar ya yi a ƙananan ƙungiyoyi, cikin garuruwa masu sanyi, yana kwana a bas. Sannan aka ɗauke shi babbar gasa. A shekararsa ta biyu ƙungiyarsu ta kai wasannin neman kofi, kuma a nan ne ya hau katanga ya ciro ƙwallon da ta riga ta fice, ya diro ya yi cara a fuskar mutum dubu hamsin da ba sa ƙaunarsa. 'Yan jarida suna son sa, don ba sa wahalar neman labari. Wani ya tambaye shi su waye suka fi kowa iya tsaron baya a duniya, ya ce mutum uku ne: shi da safe, shi da rana, shi da dare. Masu horarwa kuwa ba sa son sa. Ya taɓa ce wa ɗaya daga cikinsu a gaban kowa cewa kakarmu ta fi shi sanin wasa, alhali ta shekara goma a kabari. Mama ta sha gaya masa a waya cewa baki shi ke yanka wuya. Sau uku aka sayar da shi cikin shekara shida. Sai gwiwarsa ta dama ta lalace. Daga nan Meziko, sai Koriya, sai Meziko kuma. Ya yi aure biyu, duka sun mutu. Yana da 'ya a Florida wadda yake gani a waya. Ya gina wa Mama gida mai bene, wanda ba ta taɓa hawa ba saboda ƙafa.

Ciwon Mama da zuba gishiri a kofi maimakon sukari ya fara. Sai barin gas a kunne. Wata rana aka tsinto ta a tsohon wurin suyarta riƙe da kasko babu komai a ciki, tana tambayar mutane wa ya ɗauke mata murhu. Na bar aikina a masana'antar ɗinki na dawo gida. Shekarar farko na yi kuka, ta biyu na yi fushi. Daga nan na zama kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta: ina nan, ana iya taɓa ni, amma ba na jin taɓawar. In tashe ta, in wanke ta, in ba ta abinci, in ɓoye wuƙaƙe da ashana. In na gaya wa Genaro a waya sai ya ce, "Manita, tsufa ne kawai. Bari in zo, tana ganina za ta warware." Manita, wato 'yar'uwa, yake ce mini tun yana yaro.

Ya dawo a watan Oktoba, yana da shekara talatin da shida, don ƙungiyar garinmu ta ɗauke shi gasar hunturu. Da jar mota ya zo, yana danna ham tun daga bakin layi. Ya shigo da buhunan tsaraba, sarƙa uku a wuya.

"Albarka, Mama," ya ce, kamar yadda kowane ɗa yake cewa in ya shigo.

Tana zaune a kujerarta mai lilo. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Kai ne mai gyaran famfo?"

Ya yi dariya, ya waiwayo ya dube ni.

"Ni ne, Doña Ondina," ya ce, ya kira ta da sunanta kamar baƙo. "Wanne ne ya lalace?"

Ta nuna masa banɗaki. Ya ajiye buhunan ya shiga ya rufe ƙofa. Ruwa ya daɗe yana zuba. Da ya fito sai ya wuce kantin Don Plinio, kuma daga tsakar gida ina jiyo muryarsa yana ba masu wasan domino labarin yadda Koriyawa suke cin kabeji da safe.

Bai zauna tare da mu ba. Ya kama ɗaki a bakin teku, yakan zo da safe da burodi da 'ya'yan itace, ya yi minti ashirin yana zuba, ya tafi. Mama takan toshe kunne. "Wannan mutumin ya cika surutu," take ce mini. "Ki sallame shi."

A fili ma abin bai yi masa daɗi ba. Yawancin wasanni a benci yake yi. In an sa shi, sai ya kai bugu ƙwallo ta riga ta wuce. 'Yan kallo suka haɗa masa waƙa, har da namu: tsohon zakara sai tukunya. Yakan cire hula ya rusuna musu. Ko Don Plinio sai da ya ce masa, "Ɗana, akwai kujera a teburin domino, ba ta buƙatar gwiwa."

"Don Plinio," ya ce, "zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ka riƙe kujerarka, za ka buƙace ta in ka suma."

Duk da haka ƙungiyar ta lallaɓa ta kai wasannin neman kofi a watan Janairu. Ana saura kwana biyu a fara, matashin da ya karɓe masa wuri ya karya yatsa. Ba su da wani sai Genaro.

Ranar wasan farko na kunna wa Mama rediyo, ba don komai ba sai don ƙarar tana sa ta zauna wuri ɗaya. Ina jiƙa wake a kicin na ji mai sharhi ya ce Genaro Cuello ne zai ɗauki sanda. Kujerar ta daina lilo.

"Genaro ne," Mama ta ce. "Ƙara murya."

Na ƙara. Mai jifa ya jefo, Genaro ya kuskure.

"Yana sauke kafaɗa," ta ce. "Na sha gaya masa. In ya matsu sai ya sauke kafaɗa."

Jifa ta gaba ya maka ta tsakanin masu tsaro biyu, ya ruga har zango na biyu cikin ukun da mai bugu ke zagayawa kafin ya dawo gida ya ci. Mama ta buga tafi sau ɗaya, irin wanda take yi a bakin kasko. Awa uku ta yi tana magana kamar ita. Ta san wanda ke jifa da hagu, ta zagi alƙalin wasa, ta kira ni da sunana ta ce in kawo mata kofi. Na san ya kamata in yi murna. Abin da na yi shi ne na samu sarari na wanke zannuwan gado uku da suka taru.

Da safe na gaya masa. Bai ajiye burodin ba ya je ya durƙusa a gabanta, gwiwar tana ƙara.

"Mama, kin ji ni jiya? Ni ne Genaro. Ni ne na rediyo."

Ta ja ƙafafunta baya. "Genaro siriri ne," ta ce. "Kuma yana wurin wasa. Kai ɗan wa ne?"

Ya miƙe a hankali. Ya tambaye ni me da me ta ce a lokacin wasan, na faɗa masa. Da na zo kan maganar kafaɗa sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya tafi bai shiga kantin Don Plinio ba.

Abin da ya yi cikin makonni ukun da suka biyo baya kowa a ƙasar nan ya sani, don haka ba zan ja shi ba. Ya daina kuskure. Kafin kowane wasa likitan ƙungiya yakan zuƙe masa ruwa daga gwiwa da allura, ya naɗe ta, Genaro ya fita yana gudu kamar na aro ne jikin. Bakinsa ma ya dawo. Da suka kai karon ƙarshe da 'yan babban birni, wanda duk wanda ya fara cin wasa huɗu ya ɗauki kofi, ya tsaya a gaban talabijin ya ce, "Na ji an ce sai tukunya. Su ɗora ta. Ruwan zai ƙone ban shiga ba." A wasa na biyu ya bi ƙwallo har ya yi karo da katanga, girarsa ta fashe, amma ya tashi da ƙwallon a safar hannunsa, jini yana bin fuskarsa yana cara. A na huɗu ya wurgo ƙwallo tun daga bayan fili har gida, aka tare mutumin da zai ci su. Masu sharhi suka koma cewa tsohuwar zuma da ita ake magani. Masu waƙar tukunya suka fara zuwa fili da zakaru na gaske a hammata.

Mama tana jin duk wannan a kujerarta. Da an ambaci sunansa sai ta farka, da an kashe rediyo sai ta koma inda take. Shi kuma kowace safiya sai ya zo ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Me ta ce?" Na zama mai kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke ɗaki ɗaya.

Aka yi uku da uku. Wasa na bakwai ya faɗo ranar Lahadi da ƙarfe huɗu, a filinmu. Ranar Asabar ya zo da tikiti uku.

"Layi na huɗu," ya ce. "Kusa da inda muke fitowa. Za ta ji sunan a lasifika, ta ga mutumin da idonta. Dole su haɗu a kanta."

"Ba ta jure hayaniya."

"Shekara ashirin ta yi a ƙofar wannan filin."

"Waccan wata mace ce daban. Genaro, ko coci na daina kai ta."

"Sau ɗaya, Manita. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Wannan ƙarya ce, amma ban tsaya ƙirga masa ba. Ce wa Genaro a'a aiki ne, kuma ba ni da ƙarfinsa. Na ce to.

Na sa mata shuɗiyar rigarta, na shafa mata hoda, na haɗa jakar da ba na fita da ita sai da ita: tawul, sabulu, kayan canji. Don Plinio ya rufe kanti ya kai mu a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. A ƙofar fili Mama ta ja ta tsaya a gaban wata mata da ke suya a daidai wurinta na da. Ta leƙa kaskon.

"Man ya yi zafi da yawa," ta ce wa matar. "Zai ƙone a waje, ciki ɗanye."

Matar ta ce, "Na gode, Doña," ta rage wuta. Na ɗauka ko ranar za ta yi kyau.

Muna shiga ciki ƙarar ta rufe mu. Ganguna, ƙaho, mutum dubu goma sha biyar suna buga ƙafa. Mama ta ƙanƙame hannuna har farcenta ya shiga. Muka zaunar da ita tsakanina da Don Plinio, na kunna rediyon na kara mata a kunne. Ta sunkuyar da kai tana kallon cinyarta. Genaro ya fito da kayan wasa, ya zo har bakin shinge yana ɗaga hannu.

"Albarka, Mama!"

Ba ta ɗago ba. Na ce, "Ga shi can, Mama, mai lamba ashirin da bakwai." Ta ce in yi shiru, tana sauraron wasa.

Haka muka yi turmi bakwai. Filin yana gabanta, ita tana cikin rediyo. In lasifika ta kira sunansa mutane sukan yi ihun da ke danne rediyon, sai ta rasa shi gaba ɗaya, ta shiga waige-waige. 'Yan babban birni suna gaba da ci huɗu da biyu. A turmi na takwas ta fara neman miƙewa.

"Ina son gida," ta ce. "Yarinya, ki kai ni gida. Uwata tana jirana."

Sai na ji warin. Na san shi, ba sai na duba ba. Na cire rigar sanyina na ɗaura mata a ƙugu, na miƙa wa Don Plinio rediyon na ce ya riƙe mana wuri. Muka bi layin a hankali mutane suna janye ƙafa suna tsaki. Matakala goma sha takwas ce zuwa ƙasa, kowacce sai ta sa ƙafa biyu a kanta.

Banɗakin mata yana ƙarƙashin inda 'yan kallo ke zama. Babu kowa a ciki. Famfo ɗaya ne ke aiki, shi ma kamar hawaye. Na cire mata kayan, na tsayar da ita ta dafa bango, na durƙusa na fara wanke ta daga ƙugu zuwa ƙasa. Ban yi sauri ba. In aka yi mata sauri tsoro take ji. Sama da mu ƙarar ta lafa, har ina jin ɗigar ruwan. Ina kan ƙafarta ta hagu sai rufin ya ɗauki rawa. Ƙurar siminti ta zubo mana a ka, fitilar tana kaɗawa, ihun ya ƙi ƙarewa.

"Girgizar ƙasa ce?" Mama ta ce.

"A'a, Mama. Ɗaga ƙafa."

Ta ɗaga. Na goge ta, na sa mata busassun kaya, na ɗaure masu dattin a leda.

Abin da ya faru a sama Don Plinio ne ya ba ni labari, daga baya kuma na gan shi a talabijin sau ba adadi. Turmi na tara ne, na ƙarshe. An fitar da mutum biyu, saura ɗaya a tashi wasa. Namu biyu suna tsaye a zanguna suna jiran wanda zai kawo su gida. Genaro ya fito da sandarsa, kafin ya tsaya a wurin bugu ya juyo ya miƙa ta zuwa layi na huɗu. Abin da ya gani shi ne Don Plinio rungume da rediyo, da kujeru biyu babu kowa. Ya daɗe da sandar a miƙe, har alƙalin wasa ya yi masa magana. Jifa ta farko ta wuce bai motsa ba. Ta biyu ma haka. Don Plinio ya ce shi ya riga ya fara neman makullin mota. Ta uku Genaro ya maka ta, ta haye katangar hagu, ta haye allon talla, ta faɗa kan titi. Mutum uku suka shigo gida. Biyar da huɗu.

Ya zagaye zangunan kansa a ƙasa, yana ɗingishi. Da ya taka gida duk filin ya jira. Wasu har sun fara yi masa caran da kansu. Ya cire hularsa ya tsaya kawai, har abokan wasansa suka zo suka danne shi. Washegari jaridu suka buga hoton sandar a miƙe, suka ce magoya bayan 'yan babban birni yake yi wa gatse. Bai taɓa gyara musu ba.

Ni da Mama ba mu koma sama ba. Muka fita ta ƙofar baya muka zauna a motar Don Plinio. Babu hanyar fita, titi ya cika da mutane da babura. Rana tana faɗuwa. Mama ta samu wani zare a bakin rigarta tana ja. Kusan awa ɗaya muna nan sai ga Genaro ya ɓullo ta tsakanin motoci, da kayan wasan a jikinsa, a jiƙe sharkaf da giyar da aka yi masa wanka da ita. Ya dafa tagar.

"Ta gani?"

Ina iya yi masa ƙarya. Na duba cikina ban sami dalilin yi ko na bari ba.

"Ba ta gani ba. Muna ƙasa. Ta ɓata jikinta."

"Ta ji?"

"Ta ji ƙara."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi ledar da ke ƙafata, ya dubi gwiwoyin wandona da suka jiƙe.

"Bawan Allah," Mama ta ce, "kana warin giya. Matsa."

Ya matsa taku ɗaya. Ya ce, "Ke fa, Manita? Ya kike?"

Tun da ya dawo bai taɓa tambayata ba. Na ce ina nan. Sai wani ya hango shi ya yi kururuwa, kafin ka ce me sun ɗaga shi sama sun tafi da shi.

Ranar Litinin aka zagaya da su gari a kan motar kashe gobara. Na gan shi a talabijin riƙe da kofi yana cewa a kai wa 'yan babban birni tukunyarsu, su yi shayi da ruwan. Mutane suka yi ta dariya. Wata ƙungiya a Meziko ta nemi ya zo mata wasan bazara, ya ce gwiwarsa ta yi ritaya, shi kuma ba ya zuwa ko'ina ba da ita ba.

Bayan mako guda ya shigo gida da akwati biyu, ya hau da su bene. Da ya sauko ya ce, "Gobe ki tafi wani wuri."

"Ina?"

"Ko'ina. Ni zan zauna da ita."

"Ba ka iya ba."

"To."

Da safe na shiga bas zuwa Juan Dolio, don nan ne bas ɗin farko da ya tsaya zai je. Na zauna a bakin teku da takalmina a ƙafa. Na sayi soyayyen kifi na ci rabi. Ban san abin da mutane ke yi da yini guda ba. Na kwanta a ƙarƙashin wata bishiyar kwakwa na yi barcin awa uku, na farka da yashi a kunne, na shiga bas na dawo.

Gidan yana warin ƙonanniyar shinkafa. Mama tana barci a kujerarta, an taje mata kai an yi mata kalba uku a karkace. Genaro yana zaune a ƙasa da ƙanƙara a kan gwiwa, da sawun farce huɗu a kumatunsa.

"Wajen wanka ne," ya ce.

"Daga ƙafa ake fara zuba mata ruwa. In ka fara daga kai sai ta ɗauka nutsar da ita za a yi."

"Ba ki faɗa ba."

"Ba ka tambaya ba."

Ya tambaya bayan nan. Ya koyi wankan, ya koyi niƙa mata ayaba yadda ba za ta shaƙe ba, ya koyi juya ta a gado in ta kwanta. Muka raba kwanakin, uku nasa, huɗu nawa. Ta saba da shi kamar yadda ta saba da kujerarta, amma ba ta taɓa kiransa da sunansa ba. Da gasar hunturu ta sake zagayowa mukan kunna mata rediyo, ta saurara kaɗan ta yi barci, shi yana gefe yana yanke mata farce.

Ta ƙara shekara biyu da wata biyu. Ta rasu wata safiyar Talata a watan Maris, yana riƙe mata da kofin ruwa. Ya kira ni daga tsakar gida da murya ƙasa-ƙasa, na zo na rufe mata ido, na ɗora ruwan kofi don mutanen da za su zo.

Jama'a ta taru sosai wajen jana'iza, da yawa ba su taɓa ganin ta ba. Bayan an rufe kabarin, a ƙofar maƙabarta, wani ya matso ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ce ko zai yarda su ɗauki hoto. Sai wani ma. Sai layi ya haɗu. Genaro ya tsaya musu ɗaya bayan ɗaya cikin baƙar kwat ɗinsa, har mutum na ƙarshe. Na jira shi a mota. Da ya shigo ya tambaye ni ko akwai abinci a gida. Na ce akwai sauran shinkafa da waken jiya. Ya tayar da mota muka tafi.